Karambanin haɗa gas zai jawo mana abin da ba za mu iya biya ba a ƙasar mutane

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, musamman mutanenmu na Ibadan. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wanda maganar ta taɓa kuma ya yi haƙuri sau biyu, don yau ba zan sassauta ba.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu da rabi, ina zaune da fitilar caji ina fama da gyaran da sufabaiza ya lafta mini a babi na uku. Babu wuta tun la'asar. Na tashi zan zaga bayi, ina fitowa tsakar gida sai wari ya dake ni, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gidan da nake haya a Agbowo ɗaki 12 ne, shida na kallon shida, ƙofar fita ɗaya ce tal, ta ƙarfe, kuma ƙarfe 11 ake sa mata kwaɗo. Kowace taga da ƙarafunan hana ɓarayi. Ku riƙe wannan a ranku.

Na bi warin har ƙofar ɗakin wasu ƙannenmu biyu 'yan aji biyu. Na yi ta bugu kafin ɗaya ya buɗe yana mutsittsika ido. Katifarsu a ƙasa take, taku biyu tsakaninta da tukunyar gas mai kilo 12.5, taga a rufe saboda sauro. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Yaya, bari in haska mu gani," ya laluba aljihu ya ciro laita. Wallahi ban san lokacin da na damƙe hannunsa ba. Muka rufe kan tukunyar, muka buɗe taga da ƙofa, muka tashi mai riƙe da makullin ƙofar waje, muka fitar da tukunyar. Ƙarfe huɗu saura NEPA ta kawo wuta. Fankar ɗakin a kunne suka bar ta, ga wata tsohuwar wayar jona kayan wuta yashe a ƙasa, irin wadda sai ka karkata caja kafin ta kama, tana tartsatsi. Awa ɗaya da 'yan mintoci ne tsakaninmu da labarin da za a karanta a Facebook ana rubuta Innalillahi.

Da gari ya waye muka duba haɗin. Tiyon da aka sa farin tiyon nan ne da magina ke gwada lebur da shi. Gefen murhu an ɗaure shi da robar tayar keke, gefen regileta kuma da waya, aka murɗe ta da filaya har ta yanka tiyon. Wa ya haɗa? Wani ɗan uwanmu ne, wanda duk wanda ya sayi sabuwar tukunya shi ake kira, don wai yana da hannu.

Ba daren ne ya sa ni rubutu ba. Abin da ya biyo baya ne. Na sa hoton haɗin a guruf ɗinmu na WhatsApp, ban kama sunan kowa ba. Sai ga dariya. Wani ya ce, "Malam ka cika tsoro, ai ba ta kama ba." Wani ya ce shekara huɗu yana amfani da irin wannan haɗin lafiya ƙalau. Wani ya ce Allah ne mai tsarewa. Wani da ke karanta lauya ya ce ai babu dokar da ta hana mutum haɗa gas ɗinsa a Najeriya. To, bari in bi ku ɗaya bayan ɗaya.

Da farko mu san abin da muke kwana da shi. Yawancinmu da itace da gawayi da risho muka tashi. Gas ya shigo mana ne da girmanmu, da kananzir ya gagari talaka, kuma har yau da hankalin risho muke kallonsa. Risho in ya yi yoyo za ka ga kananzir a ƙasa, ka goge. Gas ba ya ganuwa. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne da aka matse, lita ɗaya in ta fita tana zama kusan lita 250 ta iska. Shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama shi, hancin mai barci kuwa ba abin dogaro ba ne. Sannan ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Ba sama yake yi ya fita ta taga ba, ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe kamar ruwa, ya shiga ƙarƙashin ƙofa. Wa ke kwana a ƙasa? Mu. Ina soket ɗinmu da cajarmu da maganin sauronmu na kunnawa suke? A ƙasa.

Kuma ba sai ɗaki ya cika da gas ba. In ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ku yi lissafin da kanku, ai duk mun yi firamare. Ɗaki mai mita uku tsawo, uku faɗi, uku sama, kilo ɗaya da 'yar ɗoriya ya isa ya kai iskarsa gaba ɗaya wannan matakin. Tunda kuma ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa ya kama a daidai inda kanka yake. Kilo ɗaya fa, daga tukunya mai kilo 12.5.

To mai cewa "ai ba ta kama ba", ka gane abin da kake faɗa kuwa? Ba haɗin ne ya yi kyau ba, wuta ce ba a kawo ba. Mai shekara huɗu kuma, ɗan uwa, shekara huɗun nan ita ce matsalar. Roba tana bushewa, tana tsagewa, mai yana cinta, zafi yana cinta, ɓera yana gwaguyarta. Tiyon da ya riƙe ka bara ba shi ne na bana ba. Direban da ya shekara goma yana gudu ba burki mai kyau ba gwani ba ne, ranarsa ce ba ta zo ba. Rana dubu ta ɓarawo, kun san sauran.

Wanda yake ganin abin na jahilai ne ko na marasa galihu, ya tuna Sabon Tasha a Kaduna, 4 ga Janairun 2020. Gas ya fashe a wani shagon sayar da shi, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ilimin makamashi, kuma ba shi ya taɓa tukunyar ba, kusa kawai yake. Ku tuna Nnewi a jajibirin Kirsimetin 2015, mutane sun je sayen gas na girkin biki, wasu ba su koma gida ba. Gas ba ya tambayar wa ya yi ganganci, na kusa yake ɗauka.

Yanzu maganar doka, tunda lauyoyinmu na gobe sun sa baki. Gaskiya ne ba Ingila muke ba. Can duk mai sana'ar haɗa gas sai yana da rajista a Gas Safe, kuma wajibi ne mai gidan haya ya sa a duba kayan gas ɗin gidansa duk shekara ya ba ɗan haya takarda. Mu nan hukumomi sun fi tsayawa a kan mai sayarwa da kuma kayan. NMDPRA, wadda ta gaji DPR bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke ba masu sayar da gas lasisi. SON ita ke kula da ingancin tukwane, kuma a ƙa'idarta shekara 15 ne ran tukunya, a riƙa sake gwada ta duk shekara biyar. Juyen gas daga tukunya zuwa tukunya da ake yi a ƙananan shaguna cikin unguwa kuwa tuni hukuma ta ce haramun ne, ko da idonmu ya saba da shi. Babu jami'in da zai ƙwanƙwasa ɗakinka ya ce nuna mini tiyo, wannan na yarda.

Amma rashin mai dubawa ba shi ne rashin doka ba. A nan Kudu Criminal Code ake aiki da shi, ba Penal Code namu ba, kuma sashe na 343 ya mai da ganganci da wuta ko da abu mai kamawa da wuta laifi, har da ƙin ɗaukar matakin kariya a kan irin wannan abu da ke hannunka, matuƙar hakan ya jefa ran wani cikin haɗari. Ba sai an mutu ba. In kuwa an rasa rai, maganar ta koma kisa ta hanyar sakaci, wannan kuma ba ƙaramar tuhuma ba ce. Bayan haka ga mai gida zai nemi kuɗin gininsa, maƙwabta za su nemi kuɗin kayansu. Ka je ka karanta takardar hayar da ka sa wa hannu ba ka duba ba, da yawa an rubuta inda aka yarda a yi girki. Masu zama a hostal kuma kun san dokar da kuka sa wa hannu game da girki a ɗaki, kun san kuma inda kuke ɓoye tukunya in an ce masu dubawa na zuwa: cikin wadrob, a rufe, wani lokacin ma a kwance. Ranar da abu ya faru ba mai tambayarka ko akwai dokar da ta hana. Tambaya ɗaya za a yi: wa ya haɗa? Shi "mai hannu" ɗin nan da ke haɗa wa mutane kyauta don zumunci, ko ya san sunansa za a fara kira?

Sai mai cewa Allah ne mai tsarewa. Babu musu, kuma Shi ya tsare mu ranar Talata. Amma tun muna Islamiyya aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, aka koya mana a kashe wuta kafin a kwanta. Ranka ma amana ne, balle ran mutum ashirin da wani abu da ke barci a gida ɗaya da kai, har da mai jego da jaririnta a ɗakin ƙarshe. Ba su ba ka izinin yin tawakkali da rayukansu ba. Wanda ya ɗaure tiyon gas da robar keke ya ce ƙaddara, ya ji tsoron Allah, wannan ba tauhidi ba ne, lalaci ne aka sa masa rawani.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ba na son faɗa amma dole. Mu baƙi ne a nan. Kowa a cikinmu ya san wahalar da ya sha kafin ya samu ɗaki, ya san yadda fuskar wasu masu gida ke canzawa in sun ji sunanka. In ɗalibi ɗan gari ya jawo gobara, sunansa za a kira. In ɗayanmu ne, "Hausa sun ƙona gida" za a ce, kuma kafin 'yan kwana-kwana su iso labarin ya zaga gari a waya da ƙarin gishiri. Wanda yake Ibadan a Fabrairun 2021 ya san yadda saɓani tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ya zama asarar rayuka da shaguna da gidaje. Ba na cewa haka adalci ne. Ina cewa haka abin yake. Gangancinka zai iya hana ƙannenmu da ba su ma rubuta JAMB ba samun ɗaki a layin nan shekara goma masu zuwa. Matar mai gidanmu da ta ga tiyon nan ba ta yi faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Malam, da kai na yarda na ba su ɗaki." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Hujja ɗaya ce a cikin duk abin da aka faɗa a guruf na ga tana da nauyi. Wani ya ce, "To su masu haɗawar na bakin titi wa ya koya musu? Ai wasunsu mu mun fi su." Gaskiya ne. Ni kaina na taɓa ganin mai shagon gas yana gwada yoyo da ashana. Amma maganin wannan shi ne ka nemi wanda ya sani, kuma kai ma ka san abin da za ka tsaya a kai. Je babbar tashar cika gas mai lasisi ka nemi ma'aikacinsu, ka tsaya a kansa har ya gama, ka sa ya gwada a gabanka. Kada kuma a juya mini magana. Ban ce sai an kira injiniya duk ranar da gas ya ƙare za a mai da regileta ba, wannan kowa ya kamata ya iya, mace da namiji, bayan wanda ya sani ya nuna masa. Abin da nake yaƙi da shi shi ne haɗin farko da kayan da ba na gas ba, da hannun da ba a koya wa ba, ba tare da gwaji ba. Da taɓa bawul ɗin tukunya da filaya. Da kai tukunya mai yoyo wurin mai walda. Da toshe tsagar tiyo da salatif. Da tura leda a bakin tukunya don robar ciki ta cinye.

Maganar kuɗi kuma, haba jama'a. Na san halin da ake ciki, ni ma da koyarwar lesin nake biyan haya. Amma tiyon gas na gaske mita biyu da kilif biyu na ƙarfe masu sukuru, da na saya wa yaran nan ranar Laraba, ba su kai abin da kowannensu ke kashewa a data a wata ba. Muna iya haɗa kuɗin rigar ƙungiya da kalanda da walimar yaye ɗalibai, kilif ne ya gagare mu?

Ni a ganina asalin ciwon ma ba kuɗi ba ne, kunya ce. Namijinmu ba ya iya cewa "ban iya ba", musamman in 'yar uwa ce ta kira ta ce, "Yaya, don Allah a zo a haɗa mini gas." Sai mutum ya naɗe hannun riga ya je ya yi gwaji da ranta, ya sha lemo, ya tafi. Ita za ta kwana da abin. 'Yan uwa mata, kada ku ji nauyin kowa. Wanda ya haɗa miki, ki miƙa masa kofin ruwan omo ki ce ya gwada a gabanki. In ya ji haushi, ya ji.

Ga abin da nake roƙon kowa ya yi yau, ba gobe ba. Ka duba tiyonka: na gas ne, mai kauri, da rubutu a jikinsa? In ya bushe ko ya tsage ko ya yi baƙi kusa da murhu, canza shi. Kowane baki ya zama da kilif, ba waya ba, ba roba ba. Ka kaɗa omo da ruwa ka shafa kumfar a bakin tukunya da regileta da bakunan tiyo biyu, ka buɗe regileta murhu na kashe. In ka ga kumfa tana hurowa, akwai yoyo, rufe. Ka duba shekarar da aka buga a jikin tukunya, in ta tsufa, ko gindinta ya ci tsatsa, ko ta lotsa, rabu da ita ko da a gwanjo ka same ta da arha. Kada ka ce wa mai cikawa ya ƙara maka har ta cika maƙil, da gangan ake barin sarari a sama don ruwan yana kumbura da zafi. Tukunya a tsaye take zama, a inda iska ke shiga, ba a rana ba, ba kusa da janareta ba, kuma ba a ɗakin da kake kwana ba matuƙar akwai wani wuri. In ɗaki ɗaya ne da kai babu yadda za ka yi, to ka rufe ta daga kanta duk lokacin da ka gama girki, ba daga murhu kaɗai ba, kuma ka bar taga a buɗe. Masu ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura murhu a kanta, ku lura da robar bakin da yadda zaren ke shiga, kuma ku daina ɗora mata tukunyar girkin mutum goma. Wutar gas shuɗiya ce. In ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, ba ta ƙonewa daidai, kuma a rufaffen ɗaki hayaƙinta mai kisa ne irin na janareta.

In ka ji wari: kada ka kunna komai, kada ka kashe komai, makunnin lantarki ma tartsatsi yake yi. Ba laita, ba ashana. Rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, tashi mutane su fita, sai ka je waje ka yi waya. Lambar gaggawa 112 ce. In wani ya ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin kamar minti 20 a wuce asibiti. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja.

Shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa, gare ku. Duk farkon zango muna tarbar sababbin ɗalibai, mu nuna musu masallaci da inda ake samun tuwo a Sabo. Ku ƙara awa ɗaya. A gayyato jami'in kwana-kwana ya nuna yadda ake haɗawa da gwadawa da kashe wuta. A sayo tiyo da kilif da yawa a sayar wa ɗalibai a farashin sari. A zaɓi mutum biyu ko uku, har da mata, a koya musu sosai, su zaga ɗakunan 'yan uwa sau ɗaya a zango. Kowane gida da muke da yawa a ciki a yi karo-karo a sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, a kuma san inda makullin ƙofar waje yake kwana. In kuɗi ne matsala, ni zan fara sa nawa, kuma ranar Asabar bayan la'asar ina nan, duk wanda ke Agbowo ko Orogun da ke son mu duba nasa tare ya yi mini magana.

Ɗan uwanmu mai haɗa wa mutane, na san kana karantawa. Ban kama sunanka ba kuma ba zan kama ba, na san alheri ka nufa. Amma ka zauna ka tuna ɗakuna nawa ka haɗa wa gas a shekara biyun nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da kofin omo kafin Juma'a. Zan raka ka in kana so.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi sun turo mu nan mu koma musu da takarda. Kada mu sa a kira su da tsakar dare. Allah Ya tsare mu, Ya mai da mu gida lafiya. Wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi, sannan ya tashi ya je ya duba tiyonsa.